Umarni na aiki a taminal, amma ya ƙi aiki ta sabar

Tambaya: Malam, na rubuta shirin PHP da ke kiran ffmpeg ta shell_exec don rage girman bidiyo. In na buga umarnin da hannuna a taminal, lafiya lau. Ta burauza kuwa shiru kake ji, ba fayil, ba saƙon kuskure. Ina matsalar take?

Amsa: Ɗan'uwa, ba kai ne ke gudanar da umarnin nan ba, kuma nan gizo ke saƙa. A taminal asusunka ne ke aiki. Ta burauza sabar ce ke kiransa da nata asusun: www-data a Debian da Ubuntu, apache a Red Hat da danginta. Asusun nan bai san inda ka ajiye kayanka ba, kuma ba shi da izininka.

Kafin ka gyara komai, sa kuskuren ya yi magana. Hanyar da shell_exec ke saurare ta sakamako ce kawai, ƙorafi kuwa ta wata hanya yake fita. Ƙara 2>&1 a ƙarshen umarnin, su haɗu. Ni na fi son exec(), domin gurbinsa na uku yana ba ka lambar fita: 127 na nufin ba a ga umarnin ba, 126 kuma an gan shi amma ya ƙi gudana.

In 127 ce, to PATH ne, wato jerin foldojin da ake duba a nemo umarni. Sabar ba ta karanta .bashrc naka (fayil ɗin saitin taminal ɗinka), sannan PHP-FPM, mai gudanar da PHP a madadin sabar, yana share sauye-sauyen muhalli tun asali, saboda saitinsa na clear_env a kunne yake. Buga which ffmpeg, ka rubuta cikakkiyar hanyar da ya nuna maka, misali /usr/bin/ffmpeg. Haka za ka yi wa fayilolin bidiyon ma. Ka kuma tuna /bin/sh PHP ke kira ya gudanar da umarnin, wanda a Ubuntu dash ne tun 2006, ba bash ba.

In izini ne, gwada umarnin da sudo -u www-data a gaba, za ka ga abin da sabar ke gani. Ka mallaka wa asusun foldar da zai yi rubutu a ciki da chown, ita kaɗai. Don Allah kada ka yi chmod 777. Ka buɗe wa kowa ƙofa ke nan. A Red Hat, ko izini ya cika SELinux, tsarin tsaron da ke cikinsa, na iya hanawa, sai ka leƙa /var/log/audit/audit.log.

Shi ffmpeg yana da nasa halin: idan fayil ɗin da zai fitar yana nan, sai ya nemi a amince masa, alhali babu kowa a gaban allo. Sa masa -y da -nostdin. Duk sunan fayil da ya zo daga mai ziyara kuma, bi da shi ta escapeshellarg() kafin ya shiga umarnin.