Tambaya da amsa: wace roba zan riƙa ɗura kayan wankin mota daga babbar jarka?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da wurin wankin mota a Kano, yara huɗu ke min aiki. Kwanan nan na koma sayen kaya a jarka mai lita 25, shamfu da maganin maiƙon inji da na wankin rim da man taya, don ya fi sauƙi. To jarkar nauyi gare ta, yara suna tuttulawa suna ɓarna, sai muka riƙa ɗurawa a robobin ruwa da na lemo muna huda murfin. Shekaranjiya wata roba ta tsage ta ƙasa duk maganin inji ya tsiyaye, kan feshin da nake saya kuma ko sati biyu ba ya yi. Wace irin roba zan saya, kuma wane girma? Gaskiya hankalina bai kwanta ba don ƙaramin ɗana yana zuwa wurin in an tashi daga makaranta.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Gara da hankalin naka bai kwanta ba, zan dawo kan yaron, amma bari mu fara da robar.

Juya kowace roba ka duba gindinta, za ka ga 'yar alama mai kusurwa uku da lamba a ciki. In ka ga 1, wannan PET ce, ita ce ta ruwan gora da lemo. In ka ga 2, HDPE ke nan, irin robar nan mai duhu-duhu wadda ba a ganin ciki tar, kuma ita ce dai aka yi jarkarka da ita. Mai lamba 5 PP ce, ita ma tana da juriya. Kai mai lamba 2 za ka nema. Abin da ya faru da robarka ba tsautsayi ba ne, maganin maiƙon inji akasari soda ce a cikinsa, irin wadda ake haɗa sabulu da ita, ita kuwa PET ba ta shiri da soda, tana cin ta a hankali kuma daga gindi take farawa inda robar take da lanƙwasa, ka ƙara da ranar Kano ta watan Afrilu da ke haura digiri 40, ai dole ta tsage.

Lamba 2 za ta ɗauke maka shamfu, maganin inji, da na rim. Inda za ka yi hattara shi ne kayan da ke warin kananzir ko fetur, kamar maganin cire kwalta da wasu mayukan taya. Waɗannan suna ratsa roba a hankali, za ka ga ta yi laushi ko ta loɓa tana zufa. Su ka bar su a abin da suka zo ciki, ko ka ɗura a gwangwanin ƙarfe mai murfi. Amma kada ka kuskura ka sa mai soda a gwangwanin alminiyam, yana cin sa yana fitar da iskar da ke kama wuta, murfi a rufe kuma sai ya fashe. Maganin rim kuma kada ya ga kwalba, don wasu akwai asid ɗin HF a cikinsu wanda gilashi ma ci yake. Wannan asid ɗin mugu ne, in ya taɓa fata ba lallai a ji zafi nan take ba, sai bayan awanni ya riga ya shige ciki. Ba safar hannu, ba taɓa shi.

Girma kuwa kashi biyu nake ba da shawara. Galan mai lita 4 ko 5 na tsakiya wanda kai kaɗai ke cika shi daga jarka, sai robar feshi mai lita 1 ko rabi da ke hannun yara. Wadda ta wuce lita 1 gajiyar da hannu take, yaro zai dangwarar da ita a ƙasa mota ta taka. Jarkar ka ɗora ta kan benci ka sa mata famfo a bakin murfi, ko ka sayi famfon hannu, kowane magani da mazurarinsa da kofin awonsa. Kada ka cika roba fam, bar kamar yatsa biyu saboda zafi. In an rubuta 1:10, wato awo ɗaya na magani a awo goma na ruwa, a robar lita 1 wajen mil 90 na magani ne sauran ruwa, kuma ruwan ake fara zubawa sannan maganin, ballantana in asid ne. Ka haɗa na kwana biyu zuwa uku kawai, wanda aka sirka da ruwa in ya daɗe wari yake yi.

Kan feshi da ke mutuwa maka, ba robar waje ba ce matsalar, 'yar robar ciki ce da ke toshe iska da kuma sifirin. Na yayyafa wa kaya ruwa wajen guga ba zai jure ba. Ka nemi wanda aka yi don kemikal, mai 'yar robar ciki ta Viton na asid ne da masu warin fetur, mai ta EPDM na masu soda ne. Kullum in an tashi aiki a fesa ruwa zalla ta cikinsa sau biyar shida, zai daɗe.

To yanzu maganar da ta fi damuna. Kusan duk wurin wankin da na leƙa sai na ga robar lemo da shuɗi ko koren abu a ciki, an ajiye kusa da bencin da kwastoma ke zama, in ka yi magana a ce "ai Malam kowa ya san mene ne". Wane kowa? Yaro ɗan shekara uku da ya dawo cikin rana da ƙishi bai san komai ba sai cewa abin da ke cikin irin wannan robar sha ake yi. Man taya fari ne sol kamar kunun aya, shamfu ja kamar zoɓo kuma da ƙamshin alawa, ruwan lagireto kore shar kuma zaƙi gare shi, alhali ƙoda yake kashewa. Ba yara kaɗai ba, babba ma da ya sha aiki zai ɗauka ya kurɓa kafin ya ankara. Kurɓa ɗaya ta mai soda ta isa ta ƙona maƙogwaro da hanyar abinci, daga baya wurin ya warke ya tsuke, yaro ya kasa haɗiye ko da kunu, a yi ta zarya asibiti ana buɗa shi wata da watanni, wani ma sai an huda ciki an sa tiyo yake cin abinci. Likitocin yara a ƙasar nan sun gaji da ganin wannan daga gidajen da ake haɗa sabulu. Duk don an ƙi sayen robar da ba ta kai kuɗin wankin mota ɗaya ba.

Abin da ya fi ƙona min rai kuma shi ne abin da ake yi bayan an sha. Nan da nan sai ka ji likitocin unguwa sun taru, a kawo manja, a ɗura masa madara, a sa masa yatsa ya yi amai, wani ma ya ce a matsa lemun tsami ya kashe sodar. Wa ya koya mana wannan ne? Manja ba ya kashe guba, ban san sau nawa zan faɗa ba. Abin da ya ƙona yaro wajen shiga, in ka sa shi amai ya sake ƙona shi wajen fita. In kuma mai warin kananzir ya sha, aman ne ma haɗarin, don ɗan kaɗan ya faɗa huhu sai numfashi ya gagara. Lemun tsami a kan soda zafi yake ƙarawa a ciki. Kuma duk mintin da aka ɓata wajen neman manja, da an yi rabin hanyar asibiti. Abin yi kaɗan ne: a kurkure masa baki ya tofar, kada a ɗura masa komai, a ɗauke shi sai asibiti ko da ya ce ba ya jin ciwo, a tafi da robar ko hoton takardar jikin jarkar. In ido ne ko fata, a saki ruwa a kai minti 15 zuwa 20 tukuna a tafi.

Nan ne ma ake gane amfanin rubutu. Likita zai tambaye ka me ya sha, ka ce "wani shuɗi ne", me zai yi da shuɗi? Kowace roba a rubuta sunan maganin da awon sirkinsa, a bi da salatif a kai don tawadar alƙalamin maka gogewa take in magani ya taɓa ta. Yaran da ba su iya karatu ba ka ware musu da launin murfi ko tef, ja na asid misali. Roba ɗaya magani ɗaya har ta mutu, don in ragowar bilic ta haɗu da asid ɗin rim iskar da ke tashi shaƙe mutum take. Masu sayar da kemikal a jarkar man gyaɗa ba suna ba takarda kuwa, su ce "na waje ne, ƙarfi gare shi", ka bar musu kayansu komai arharsa. Wanda ya kasa gaya maka abin da ke ciki shi ma bai sani ba.

Yau kafin ɗanka ya taso daga makaranta, ka tattara robobin lemon nan ka juye su a galan mai lamba 2, masu warin fetur kuma a gwangwanin ƙarfe, kowane da nasa, ka ɗauraye su ka huda gindinsu don kada masu tsintar roba su kai wa mai zoɓo. Jarkokin kuma ka samar musu akwati ko ɗan ɗaki mai kwaɗo a inuwa, makullin a aljihunka.