Lambar yabon iyaye mata a Jamus ta Hitler

Malam, ka tambaya ko lambar yabon da Hitler ya riƙa ba iyaye mata girmamawa ce. A'a. Haihuwa ce gwamnatinsa ta Nazi take so, ba matar ba. Daga 1933 aka riƙa ba sababbin ma'aurata rancen da kan kai mak 1,000 (kuɗin Jamus na lokacin), da sharaɗin amarya ta ajiye aikinta, duk ɗan da ta haifa a yafe rubu'in bashin. Mai 'ya'ya takwas lambar zinariya ake maƙala mata. Bayahudiya kuwa ko rancen ba ta gani. Abin da ya fi ci mini rai shi ne mai farfaɗiya ko kurumtar gado: likita zai hana ta haihuwa har abada, ƙarfi da yaji. Kusan mutum 400,000 aka yi wa haka, wajen rabinsu mata.