Tambayoyinku: Na Rabu da World of Warcraft Tun 2010, Ta Ina Zan Faro?

Tambaya: Assalamu alaikum. Lokacin da nake karatu a Ingila na shaƙu da wasan World of Warcraft, har na kai jarumina na cikin wasan, wanda maharbi ne, mataki na 80, wanda shi ne ƙololuwa a wancan zamani, kuma ina cikin wata ƙungiya da muke haɗuwa da dare muna kai farmaki kan manyan dodanni. Da na kammala karatu a 2010 na dawo gida, sai aiki da hidimar iyali suka ɗauke mini hankali, ban sake buɗe shi ba. Yanzu na sami kwamfuta mai ƙarfi da intanet mai dama-dama, kuma kewar wasan ta dame ni. Shin maharbin nawa yana nan? Ta ina zan faro, kuma zai yiwu a buga shi daga Kano? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kamfanin Blizzard, mai wasan, ba ya goge jaruman mutane don kawai sun daɗe ba su shiga ba, saboda haka akwai kyakkyawan zaton maharbinka yana nan tsaye a inda ka bar shi. Sai dai shawarata ita ce kada ka biya ko sisi tukuna, domin wasan da ka bari da wanda za ka tarar suna ɗaya kawai suka haɗa, kuma ya kamata ka ga na yanzu da idonka kafin ka yanke hukunci.

Aikin farko shi ne ƙwato asusunka. Tun ƙarshen 2009 aka wajabta haɗa kowane asusun wasan da Battle.net, tsarin asusun kamfanin, wanda ake shiga da adireshin imel, don haka naka yana ɗaure da imel ɗin da kake amfani da shi a lokacin. A nan ne tsofaffin ɗalibai suka fi cijewa, domin da yawa sun yi rajista da imel ɗin jami'a, wanda ake rufewa bayan an gama karatu. Idan haka ta faru da kai, sai ka nemi sashen taimako ta shafin kamfanin kansa, kuma ka shirya nuna katin shaida ko fasfo mai ɗauke da sunan da ke kan asusun, domin sukan nemi hakan kafin su sauya imel. Da zarar ka shiga, ka canza kalmar sirri, ka kunna tsarin tantancewa da ke cikin manhajar Battle.net ta waya. Duk saƙon da ya zo maka yana barazanar rufe asusu idan ba ka danna wani mahaɗi ba, ka ɗauke shi a matsayin tarkon ɓarayi. Da yake a Ingila ka fara, jarumanka suna yankin Turai ne, kuma ba a ɗauke jarumi daga wannan yanki zuwa na Amurka, don haka ka tabbata yankin Turai ka zaɓa, in ba haka ba za ka ga fili fetal ka zaci an share maka komai.

Abin da zai fara ba ka mamaki shi ne matakin maharbin. A 2020, gab da fitowar babin Shadowlands, ɗaya daga cikin manyan ƙarin da ake yi wa wasan, an matse matakan wasan gaba ɗaya, wanda ke mataki na 120 ya koma na 50, mai 80 irinka kuma ya koma wajen 30. Ba hukunci ba ne, kowa aka yi wa. Tsakanin Cataclysm na Disambar 2010 da The War Within na Agustan 2024 an fitar da manyan babi takwas, kuma abin dariya shi ne a na 2024 ɗin ƙololuwa ta sake komawa 80, wato lambar da ka sani, amma da wata ma'ana daban. Yana yiwuwa kuma a ce ka zaɓi sabon suna, domin kamfanin yakan saki sunayen jaruman da suka shekara da shekaru ba a taɓa su ba, wani ya ɗauka. Duk wata wasiƙa ko kaya da ka bari a akwatin saƙo kuwa ta tafi, tunda kwana 30 kawai suke yi a ciki.

Tunda maharbi ne naka, bari in gaya maka abin da za ka gani a allo. Kibau ɗin nan da ka cika kwarinka da su sun zama tarkace, saboda an daina amfani da kibau da harsasai 'yan watanni bayan tafiyarka. Shuɗin ma'aunin ƙarfin sihiri da kake lura da shi an maye gurbinsa da wani ma'auni mai cika kansa da sauri, dabbarka ba ta bukatar ka riƙa ciyar da ita don ta yi farin ciki, kuma a jerin maɓallan da yatsunka suka haddace za ka tarar da gurabe da yawa babu komai, domin an cire waɗancan dabarun ko an sauya su. Ɗaya daga cikin rassan maharbi uku, wato Survival, ya koma faɗan kusa da mashi tun 2016. Idan a birnin Dalaran na Northrend ka ajiye shi, kamar yadda akasarin mutanen zamaninku suka yi, za ka buɗe ido a titunan da a da ba a samun wurin taka ƙafa, ka tarar daga kai sai masu gadi da 'yan tireda na kwamfuta.

Wannan ne ya sa nake ba masu dawowa shawarar su bar tsohon jarumi ya ƙara hutawa na 'yan kwanaki, su ƙirƙiri sabo. Ana buga wasan kyauta har mataki na 20, kuma wanda kuɗin watansa ya ƙare ma yana iya shiga da ƙananan jarumai irin waɗannan. Akwai tsibirin koyo mai suna Exile's Reach da aka ƙara a 2020, wanda ke ɗaukar mutum daga mataki na 1 zuwa na 10 cikin ɗan lokaci, yana ba shi dabara ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya faɗa kan tsohon jarumi kai tsaye yakan ɓata daren farko yana karanta bayanin maɓallai da kwashe shara daga jaka, ya tashi da ciwon kai, ya ce wasan ya lalace, alhali bai buga shi ba. Idan hannunka ya faɗa, sai ka koma ga maharbin, ka je birnin Stormwind ko Orgrimmar wurin Chromie, wata halitta ta kwamfuta a cikin wasan, wadda ke ba mutum damar zaɓen babin da yake so ya hau matakai a cikinsa, har da Northrend ɗin da ka sani.

Kada ka saka wa kanka dole sai ka bi labarin duk babin da ya wuce ka, domin hanya ce mai tsawo da ba kowa ke kai ƙarshenta ba, kuma wasan bai shardanta hakan ba. Haka nan kada ka yi saurin sayar da tsofaffin kayanka. Tun 2011 ana iya ɗora kamannin tsohon sulke a kan sabo, wasu kayan zamaninku kuma an daina samun su, don haka abin da ba ya da amfani a fagen fama yana iya zama abin ado mai daraja. Zinariyarka ce dai ba za ta burge kowa ba: guda 5,000 da mutane suka yi ta tarawa don koyon tashi da sauri a sama yanzu kuɗin cefane ne, a wasan da aka taɓa sayar da dabbar hawa guda a kan miliyan 5 a 2018. Tsofaffin ƙananan manhajojin da ka liƙa wa wasan kuwa ka manta da su, ka fara da fuskar wasan ta asali, wadda tun 2022 ake iya jujjuya ta yadda mutum yake so.

Akwai batun da ba ka tambaya ba, amma ina jin shi ne gishirin wasiƙarka, wato ƙungiyar nan da kuke haɗuwa da dare. A 2010 ne masu biyan kuɗin wasan suka kai miliyan 12, adadi mafi yawa da kamfanin ya taɓa sanarwa, kuma mafi yawan waɗanda kuka yi zamani tare sun watse kamar yadda kai ma ka watse. Za ka buɗe jerin 'yan ƙungiya ka ga gaban kowane suna an rubuta shekarun da ya yi bai leƙo ba, ko ka tarar wani baƙo ya karɓi shugabanci, tunda wasan ya yarda a karɓe kujerar shugaban da ya ɓace na wasu watanni. A ganina, wanda ya dawo don ya sake samun waɗancan darare yakan tafi cikin mako biyu, wanda kuma ya yarda zai nemi sababbin abokai shi ne ke zama. Neman ya fi sauƙi yanzu, domin an haɗa sabobi da yawa, wato manyan kwamfutocin da masu wasa ke haɗuwa a kansu, 'yan Horde da 'yan Alliance, wato ɓangarori biyu masu gaba da juna a wasan, suna shiga kogon dodanni tare tun 2022, suna kuma zama a ƙungiya ɗaya tun 2023, hirar ƙungiyoyi kuma ta koma manhajar Discord. Ga mai iyali irinka da ba zai iya alkawarin awa uku a jere ba, an samar da kogunan da ake shiga da mataimaka na kwamfuta, da kuma ƙananan koguna masu suna Delves, waɗanda mutum ɗaya ke iya gamawa a zama guda.

Idan kuwa tsohon salon ne kake so, mai tafiyar hawainiya da wahalar tara kuɗi, akwai World of Warcraft Classic da aka buɗe a Agustan 2019, kuma kuɗin wata ɗaya ne ke buɗe maka shi da na zamani. Amma ka sani maharbinka ba zai bi ka can ba, daga mataki na 1 za ka faro. Zamanin da ka fi sani, wato Wrath of the Lich King, an maimaita shi a Satumbar 2022, sannan aka wuce zuwa Cataclysm a 2024, don haka wannan jirgin ya riga ya tashi.

Game da bugawa daga Kano, zai yiwu. Wasan ba shi da saba a Afirka, saboda haka kowane motsi naka sai ya je Turai ya dawo, kuma ka sa ran jinkirin da ya haura milisakan 100, wanda ba ya hana yawo da shiga kogo, ko da yake ana jin sa a fafatawa tsakanin mutum da mutum. Tsayuwar layin ta fi saurinsa muhimmanci, don haka waya daga na'urar intanet zuwa kwamfuta ta fi Wi-Fi, kuma ka haɗa na'urar da batir ko inbata, domin ɗauke wuta a tsakiyar farmaki yana zubar da mutum a idon ƙungiya. Bugawar kanta ba ta cin data sosai. Saukewar farko ce ke da nauyi, domin kamfanin yana neman sarari na gigabait 128 a faifai mai sauri, kuma sabuntawa takan zo ranar Laraba a yankin Turai. Kuɗin wata dala 14.99 ne a Amurka, na Turai ma kusan haka, ban da kuɗin sabon babi, sai ka tambayi bankinka ko katinka yana biya a ƙetare da kuma iyakar da aka sa masa. Ka lura da agogo kafin ka shiga ƙungiya: lokacin sanyin Turai agogon sabobin daidai yake da na Najeriya da Nijar, amma daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba suna gabanmu da awa ɗaya, don haka farmakin ƙarfe 8 na dare ya zama ƙarfe 7 a Kano, tsakanin Magariba da Isha'i. Ka nemi masu farawa a makare, ko ka gaya musu tun farko cewa za ka riƙa tashi salla.

Tambaya: Salamu alaikum. Ni Final Fantasy XIV nake bugawa. Na yi kusan shekara ban shiga ba saboda haihuwa, da na dawo sai na tarar gidana na cikin wasan babu shi, filin ma na wani ne. Kutse aka yi mini? Daga wata mai karatu a Yamai.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya raya. Da wuya kutse ne, ƙa'idar wasan ce. Filayen gidaje a wannan wasa ƙididdigaggu ne, shi ya sa kamfanin Square Enix ke rushe gidan da mai shi ya yi kwana 45 bai taka cikinsa ba, bayan ya aika gargaɗi ta imel, kuma shiga wasan kawai ba ya wadatarwa, sai an shiga cikin gidan. Bayan rushewa ana ajiye kayan ɗaki da kashi 80 cikin 100 na kuɗin filin a wurin mai kula da unguwa na tsawon kwana 35, kuma tunda kin kusa shekara, wannan wa'adin ya wuce. Jarumarki da matakanta da abin da ke hannun masu yi miki ajiya suna nan lafiya. Idan labarin ya kwance miki, akwai New Game+ da ke ba ki damar maimaita surorin da kika gama ba tare da kin rasa komai ba. Kafin ki sake shiga ƙuri'ar neman fili, ki duba ko ɗaki a benen haya na unguwa zai ishe ki, domin shi ba a rushe shi komai daɗewar da kika yi, kuma da jariri a hannu kwana 45 ba ya da wuyar wucewa.