Tambaya da Amsa: Hayar kwale-kwale a ƙauyen Giethoorn na ƙasar Holan

Wasiƙun wannan makon duk sun faɗo kan wuri guda, wato ƙauyen nan na Holan da bidiyonsa ke yawo a wayoyi, mai gidaje da rufin ciyawa da ruwa a ƙofar kowa. Mun zaɓi huɗu daga cikinsu.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina harkar kayan gyaran mota a nan Legas, kuma a watan Yuni zan je Amstadam sayayya. Kwana ɗaya tak zan samu na hutu. Zai ishe ni in je ƙauyen nan in dawo? Ta ina ake bi? Daga wani ɗan kasuwa, Agege.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Zai isa, in dai ka yi sammako. Sunan ƙauyen Giethoorn, a lardin Overijssel, kimanin kilomita 120 arewa maso gabas da Amstadam. Riƙe rubutun sunan yadda yake, domin shi za ka gani a alluna, amma masu wurin kusan “Hithorn” suke furtawa. A mota tafiyar awa ɗaya da rabi ce. In ta jirgin ƙasa ne, ka nemi wanda zai kai ka garin Steenwijk, ko dai wanda ya nufi Leeuwarden, ko ka canja a Zwolle. Daga tashar Steenwijk ka hau bas mai lamba 70, cikin kamar minti 15 ka sauka a Dominee Hylkemaweg, sai ɗan tattaki zuwa bakin ruwa. Gaba ɗaya ka ware awa biyu zuwa biyu da rabi a zuwa, haka a dawowa.

Abu biyu ke kayar da baƙo a wannan hanya. Na farko, bas ɗin ba danfo ba ce da za ta jira ta cika, ko wata ta biyo bayanta nan take. Tana da lokacinta, in ta wuce ka sai zaman jira, don haka ka duba lokacin ta ƙarshe tun kafin ka shiga ruwa. Na biyu, ba a karɓar tsabar kuɗi a cikinta. Da kati ake biya, a taɓa shi a na'ura lokacin shiga, a sake taɓawa lokacin fita. Wanda ya manta taɓawar fita za a cire masa fiye da kuɗin tafiyarsa. Kada ka dogara da katin naira, ka tanadi wanda ka tabbatar yana aiki a waje.

Ka yi ƙoƙari ƙarfe 10 na safe ta yi maka kana kan ruwa. Daga wajen 11 motocin 'yan yawon buɗe ido ke fara sauke mutane, kuma babbar hanyar ruwan ƙauyen, wadda suke kira Dorpsgracht, takan cushe har ta tuna maka da gadar Eko da yamma. Ranakun aiki sun fi Asabar da Lahadi sauƙi nesa ba kusa ba.

Tambaya: Na shekara 15 ina tuƙin mota a Legas amma ban taɓa riƙe jirgin ruwa ba. Sai da lasisi ake ba mutum haya? Kuma yaya tuƙin yake? Daga wani direba, Obalende.

Amsa: Malam, babu maganar lasisi. A dokar Holan, jirgin shaƙatawa da bai kai mita 15 a tsawo ba, kuma gudunsa bai wuce kilomita 20 a awa ba, ba ya buƙatar takardar tuƙi. Na hayar Giethoorn ko kusa ba su kai nan ba. Sai dai masu haya da yawa suna son mai tuƙin ya kai shekara 18, wasu kuma sukan nemi katin shaida ko kuɗin ajiya. Da awa ake biya. Wanda aka fi haya shi ne fluisterboot, wato jirgi mai raɗa, saboda injin lantarki gare shi mai aiki da batir, ba ƙara ba hayaƙi. Akwai ƙanana na mutum huɗu zuwa shida, akwai manya masu kujerun katifa.

Ka tambaya tun a tebur: mai sitiyari ne ko mai sanda? Mai sitiyari kamar mota yake, inda ka juya nan zai nufa. Mai sanda kuwa, wanda ake zama a baya a riƙe hannun injin, a juye yake aiki. In ka tura sandar hagu, hancin jirgin dama zai yi. Nan ne ƙwararrun direbobi suka fi jin kunya, domin hannu ya riga ya saba. In akwai mai sitiyari, ƙara 'yan Yuro ka ɗauke shi, ya fi maka kwanciyar hankali.

Jirgi ba shi da birki. In kana son tsayawa, ka mayar da hannun totur tsakiya, sannan ka ba shi ribas kaɗan har ya lafa, kuma ka fara hakan tun da sauran tazarar jirgi biyu ko uku tsakaninka da na gabanka. Sannan ba ya amsa juyi nan take. Ka juya kaɗan, ka ƙirga ɗaya, biyu, ka ga abin da ya yi. Mai gaggawa yakan ƙara juyawa, jirgin ya zarce, ya sake murɗawa ɗaya ɓangaren, sai ka gan shi yana tafiyar maciji daga wannan gaɓa zuwa waccan. Wani abin da ba a faɗa wa baƙi: mota da gaba take juyawa, jirgi kuwa da baya. In ka sha kwana, gindinsa ne ke fita waje, shi ke bugun katakon gaɓa ko ƙafar gada. Ka bar masa fili. Kuma in ka kashe injin gaba ɗaya, juyin ma ya tafi, domin turin farfela ne ke sa shi bin umarni. Tafiya a hankali ta fi tsayawa cak.

Ka riƙe hannun dama kamar a titi. Iyakar gudu a cikin ƙauyen kilomita 6 ne a awa, saurin mai tafiya da ƙafa ke nan. Manyan jiragen da ke ɗaukar ayarin baƙi su ake ba hanya, ka raɓe gefe su wuce. Dabarar kutse da muka sani a Oshodi ba ta da kasuwa a nan. Akwai kuma sassan da hanya ɗaya ce, sai ka bi taswirar da za a ba ka da allunan da ke bakin ruwa.

In ka ji ƙarfin jirgin ya ragu ko yana karkarwa, galibi ciyawar ruwa ce ta naɗe farfela. Mayar da shi tsakiya, ba shi ribas na 'yan daƙiƙoƙi, sau da yawa takan warware. In ta ƙi, kira lambar masu hayar, wadda ya kamata ka adana tun kafin ka tashi. Kada ka sa hannu wajen farfela injin na kunne.

Shawararmu ka karɓi awa biyu. Awa ɗaya takan ƙare a cunkoson cikin ƙauye, alhali daɗin yana gaba, inda hanya ke buɗewa zuwa tafkin Bovenwijde da mashigun cikin ciyayi na gandun Weerribben-Wieden. A tafkin ka lura da iska, domin jiragen shafaffen gindi gare su, takan tura su gefe. Ka bi turakun da aka kafa a ruwa don nuna hanya, kar ka yanke.

Tambaya: Ni da maigida da yara uku za mu je, babu wanda ya iya iyo a cikinmu. Hankalina bai kwanta ba. Sannan yaya batun abinci da salla? Daga wata uwa, Idi-Araba.

Amsa: Hajiya, ruwan ba irin na Ikorodu zuwa CMS ba ne, babu igiyar ruwa babu jiragen gudu. Zurfinsa a yawancin wurare kimanin mita ɗaya ne, har da tafkin. Amma mita ɗaya ya isa ya shanye ƙaramin yaro, kuma ƙasan taɓo ne mai laushi da ƙafa ke nutsewa a ciki. A nan Legas an saba ba a hawa sai da rigar ruwa, wato mai hana nutsewa. A can ba lallai a miƙo muku ba sai kun nema, to ki nema, daidai jikin kowane yaro, a ɗaure ta kafin a shiga.

Haɗarin da ya fi yawa ma ba faɗawa ruwa ba ne, yatsu ne. Yara na son riƙe bakin jirgi, in wani jirgin ya gogo ku sai ya matse hannun. Hannu a ciki, kowa a zaune. Gadojin katakon ƙauyen sun haura 150, wasunsu gajeru ne, mai tsayuwa ɗaukar hoto zai sha ƙumi a goshi. Wajen shiga da fita, mutum ɗaya bayan ɗaya, a taka tsakiyar jirgi. Babu makewayi a ciki, a kai yara kafin a tashi. A riƙe rigar sanyi da ta ruwan sama ko da rana ta fito, don yanayin Holan ba shi da alkawari. Lambar gaggawa 112 ce.

Abinci kuwa, ku yi guzuri daga Amstadam ko Zwolle inda shagunan halal suke da yawa, ko ku tsaya kan kifi da dankali. Alƙibla daga can kudu maso gabas take. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare, saboda haka azahar da la'asar ne za su same ku a ƙauyen. Ku nemi fili na jama'a, kar ku shimfiɗa darduma a ciyawar ƙofar wani. Gidajen nan da kuke gani ba na kallo ba ne, mutane ne ke zaune a ciki, kuma gadoji da dama na shiga gida ne kawai.

Tambaya: Wai da gaske babu titi ko ɗaya? Kuma zan iya zuwa a hutun Disamba? Daga wani ɗalibi, Mile 12.

Amsa: Ɗan'uwa, an ɗan ƙara gishiri. Tsohon ɓangaren ƙauyen ne ba ya shiguwa da mota, sai ta ruwa ko ta siririyar hanyar ƙafa da keke da ake kira Binnenpad. Sauran wurare akwai tituna da wuraren ajiye mota. Hanyoyin ruwan ma haƙa su aka yi: mutanen da ke haƙar wata baƙar ƙasa ta ruɓaɓɓun tsirrai, su busar su yi makamashi da ita, su ne suka buɗe su don jigilarta, ramukan da suka bari kuma suka zama tafkuna.

Disamba ba lokacin kwale-kwale ba ne. Kakar haya daga wajen Afrilu zuwa Oktoba take. A Disamba yawancin masu hayar sun rufe, rana na faɗuwa kafin ƙarfe 5 na yamma, kuma in sanyi ya tsananta ruwan kan daskare. In son samu ne ka ɗaga tafiyar zuwa Mayu ko Satumba, lokacin da jiragen ke aiki kuma cunkoson hutun makarantu na Yuli da Agusta babu shi.