Hukuncin Tara Tsofaffin Zane-zanen Bugun Katako Na Japan

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Shekara shida ke nan ina zaune a Tokyo, ina harkar tura motoci gida. Wata rana na bi ta unguwar Jimbocho inda ake sayar da tsofaffin littattafai, na ga zanen wata gada ana tsuga ruwan sama, na saya. Tun daga nan abin ya shiga raina, yanzu ina da guda goma sha bakwai, wasu na rataye su a falo. Har littattafan tarihin masu zanen nake karantawa. Maiɗakina ta ce mala'iku ba sa shiga gidanmu saboda su, ni kuma ina ganin ai takarda ce ba gunki ba. Na turo hotunansu ka gani. Akwai wani kundi da na saya a gwanjo ban buɗe shi duka ba, ashe akwai zanen batsa a ciki. Shi kuma na gadar, daga baya wani masani ya ce mini sabon bugu ne, ba na zamanin Edo ba ne kamar yadda mai shagon ya faɗa. Zan iya sayar da shi in mai da kuɗina? Kuma akwai zakka a kansu?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Na buɗe hotunan da ka turo ɗaya bayan ɗaya, kuma ba zan yi musu kuɗin goro ba. Takardu goma sha bakwai ne, amma ba hukunci ɗaya gare su ba. Kai da maiɗakinka kowa ya riƙe gefe guda na maganar.

Malamai suna cewa hukunta abu yana biyo bayan saninsa, don haka bari mu fara da shi kansa kayan. Waɗannan zane-zane da Japanawa ke kira ukiyo-e sun bunƙasa a zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868. Ba aikin mutum ɗaya ba ne. Mai zane ya zana, masassaƙi ya manna zanen a kan allon katakon ceri ya sassaƙe shi, mai bugu ya shafa launi ya ɗora takarda ya murza bayanta da hannu, kowane launi da allonsa. Ɗan kasuwa mai jari shi ke biyan kowa, ya buga ɗaruruwa ko dubbai ya sayar wa talakawan birni da araha. Ke nan a asalinsu kayan kasuwa ne, ba a yi mafi yawansu don ɗakin bauta ba, kuma dukkansu shimfiɗaɗɗu ne a takarda, ba su da jiki mai inuwa irin na mutum-mutumi. Waɗannan abubuwa biyu ka riƙe su, domin a kansu rabin hukuncin yake.

Mafi sauƙi su ne na duwatsu, teku, bishiyoyi da furanni. Waɗannan halas ne a ajiye, a rataye, a saya, a sayar. Wani mai sana'ar zane ya zo wa Abdullahi ɗan Abbas yana neman fatawa, ya tsoratar da shi da azabar masu suranta abu mai rai, sannan ya ce masa in dai dole sai ka yi, to ka zana bishiya da abin da ba shi da rai. Bukhari da Muslim sun ruwaito. Na san akwai Japanawan da suke tsarkake Dutsen Fuji har suna hawansa da niyyar ibada, to wannan bai haramta zanensa ba. An bauta wa rana, an bauta wa wata, ba wanda ya ce a daina zana su. Abin da ake dubawa shi ne ko an yi takardar don a bauta wa abin da ke jikinta.

Sai waɗanda suka fi yawa a wurinka: shimfiɗar ƙasa ce, amma da mutane 'yan mitsi-mitsi a ciki. Igiyar ruwan nan ta mai zane Hokusai, wadda ta fito wajen 1831 cikin jerin zanensa na Dutsen Fuji, sai da na buɗa hoton da yatsu biyu a waya kafin na ga matuƙan da ke cikin kwale-kwale ukun nan, sun duƙa sun manne da katako, kawunansu kamar ƙwayar gero. Haka na gadar, wanda Hiroshige ya yi a 1857: mutane ne suna sauri a ƙarƙashin laima da tabarma, ba ka rarrabe ido da hanci. Malaman Hanafiyya sun faɗi ƙarara cewa surar da ta ƙanƙanta har mai tsaye ba ya tantance gaɓoɓinta in tana ƙasa, ba ta shiga cikin abin da ake ƙi. Ga kuma hadisin da Jibrilu ya umarci a cire kan surar da ke bakin ƙofa ta koma kamar bishiya, wanda ke nuna cewa illar tana ga kai da fuska. Ban ga laifi a kan waɗannan ba.

Inda maganar take da faɗi shi ne guda uku: ɗan wasan kwaikwayon gargajiyar Japan da ake kira kabuki mai murtuke fuska, tsuntsayen nan biyu a kan reshe, da matar da ke taje gashinta. Nan surar mai rai ce a fili, kuma nan ne malamai suka saɓa tun da daɗewa.

Hujjar maiɗakinka ingantacciya ce. Abu Ɗalha ya ruwaito cewa mala'iku ba sa shiga gidan da yake da kare ko sura. Nana A'isha ta rataye labule mai surori, Annabi (SAW) ya shigo fuskarsa ta canza, ya yage shi, ta mai da shi matasan kai. A kan irin waɗannan Imam Nawawi ya ce surar mai rai haramun ce ko tana da inuwa ko ba ta da shi, kuma rataye ta a bango haramun ne. Mafi yawan Shafi'iyya da Hanbaliyya a nan suke.

Amma hadisin Abu Ɗalha ɗin yana da ƙarshe. Zaidu ɗan Khalid da ya ruwaito shi ya yi rashin lafiya, aka je duba shi aka tarar da labule mai sura a ƙofarsa. Busru ɗan Sa'id ya yi mamaki, sai Ubaidullah ya ce masa, ba ka ji Zaidu ya ce "sai dai zane a jikin tufa" ba? Da wannan togacewar Malikiyya suka yi aiki. A mazhabar da muka taso a kai, sura ba ta zama haramun sai ta kasance ta abu mai rai, mai inuwa, mai cikakkun gaɓoɓi. Wadda take shimfiɗe a bango ko takarda makaruhi ce in an ɗaukaka ta, in kuwa a abin da ake takawa ne ko ake zama a kai, barinta ya fi kawai. Duk wanda ya yi karatun Risala a zaure zai tuna inda Ibn Abi Zaid ya ce zanen jikin tufa ba ya cikin abin da aka ƙi, amma barinsa ya fi kyau.

Abin da nake ba ka fatawa da shi: mallakarsu ba haramun ba ce, cinikinsu ingantacce ne, amma sauke su daga bango. Narkon azaba mai tsanani a kan mai surantawa yake, kai kuwa ba ka zana ba, ajiyewa ka yi. Sai dai rataye su a falo ɗaukakawa ce, makaruhi a wurinmu, haramun a wurin wasu manya, kuma ba a sayen saɓani da matar gida a kan abin da za a iya fita daga cikinsa ba tare da asarar ko kwabo ba. Hasali ma riba za ka ci. Launukan tsofaffin bugu da yawa daga tsirrai aka samo su, haske yana cinye su, ja ya koɗe, shuɗi ya koma toka-toka. Shi ya sa masu tara su na gaske suke kwantar da su a cikin aljihun tebur tsakanin takardu, gidajen tarihi ma ba sa barinsu a fili sai na ɗan lokaci. Abin da fiƙihu ya nema a nan shi ne abin da takardar take so. Kuma ko waɗanda na halatta maka ratayewa, kada su kasance ta alƙibla inda kuke sallah, domin Annabi (SAW) ya sa an kawar da wani labule saboda zanensa yana gitta masa a cikin sallah.

Matar mai taje gashi tana da ƙarin magana. Irin wannan salo da Utamaro ya shahara da shi, da yawan matan da ake zanawa karuwan unguwar Yoshiwara ne, kuma wanda ke hannunka riga ta zame har ƙirji ya bayyana. Wannan ya bar babin sura ya shiga babin runtse ido da aya ta 30 cikin Suratun Nur ta umarta. Ka rabu da shi.

Guda biyu kuwa babu sassauci a kansu. Na farko kundin batsar nan da suke kira shunga. Tsufansa bai wanke shi ba, ƙwarewar wanda ya zana ma haka. Na biyu ina jin ba ka san ko mene ne ba: jirgin ruwan nan mai ɗauke da mutum bakwai suna dariya. Ba fasinjoji ba ne. Allolin sa'a bakwai ne na Japanawa, kuma al'adarsu ita ce a sa takardar a ƙarƙashin matashin kai a farkon sabuwar shekara don a yi mafarkin arziki. Laya ce ta shirka. Akwai ire-irenta a kasuwar, kamar jajayen zanen da a da ake rataya wa yara don korar agana, da zanen ƙaton tarwaɗa da suka yaɗu bayan girgizar ƙasar 1855 a birnin Edo, wato Tokyo ta yanzu, wasu suna liƙa su don neman tsari. In ka ci karo da su ka wuce. Jabir ya ruwaito cewa a shekarar buɗe Makka an haramta cinikin giya, mushe, alade da gumaka, kuma Nana A'isha ta ce Annabi (SAW) ba ya barin wani abu mai alamar gicciye a gidansa sai ya warware shi. Ka mai da waɗannan biyu ga waɗanda suka sayar maka a warware ciniki su ba ka kuɗinka. In sun ƙi, ka lalata su. Ba ka da zunubin sayen da ka yi cikin rashin sani, amma kada ka sayar wa wani, kada ka bayar kyauta.

Game da karanta tarihin masu zanen, babu komai. Ka san cewa Hokusai ya rayu daga 1760 zuwa 1849 yana zane har ƙarshen ransa, ko cewa Sharaku ya yi aiki wata goma kacal tsakanin 1794 da 1795 sannan ya ɓace, ilimi ne na tarihin mutane. Yaba wa gwanintar hannun wanda ba Musulmi ba halas ne. Sahabbai sun sa tufafin da wasu al'ummu suka saƙa, sun yi ciniki da dinaren Rumawa mai ɗauke da surar sarkinsu. Iyakar ita ce kada yabon sana'a ya zama yabon aƙida, kuma ba a nema wa wanda ya mutu a kan wani addini gafara, kamar yadda aya ta 113 cikin Suratut Tauba ta hana.

Yanzu zanen gada. An yi maka ungulu da kan zabo, kuma shari'a ta ba ka haƙƙin mai da kaya ga mai shagon tunda siffar da aka sayar maka a kanta babu ita. In hakan bai yiwu ba, kana iya sayar da shi, amma da sunansa na gaskiya: sabon bugu, a farashin sabon bugu. Sake sassaƙa allo a buga tsohon zane sana'a ce sananniya a Japan har gobe, ba laifi ba ce. Laifin yana ga wanda ya jiƙa takarda da shayi ko ya yi shiru mai saye ya ɗauka ta shekara ɗari da hamsin ce. Wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, in ji hadisin Muslim. Cutar da aka yi maka ba ta zama lasisin cutar wani ba, kuma kasancewar mai sayen ba Musulmi ba ne bai canza komai ba. Gwanjo shi kansa halas ne. Abin da aka hana shi ne najashi, wato ka sa abokinka ya riƙa ƙara farashi ba da niyyar saye ba don a zuga wani, ko a zauren gwanjo ko a intanet.

Wannan kasuwa tana da jan hankali, kuma rijiya ce mai zurfi. A watan Maris na 2023 an sayar da tsohon bugun igiyar ruwan Hokusai a gwanjon Christie's da ke New York a kan dala miliyan 2.76. Ba na ce maka sha'awa haramun ba ce, amma in akwai bashin wani a kanka, ko kuɗin motocin mutane ne a hannunka, ko iyaye a gida suna jiran aike, to waɗannan ne a gaba.

Zakka tana bin niyyarka ranar saye. Wanda ka saya don ajiya da kallo babu zakka a kansa ko da darajarsa ta ninka. Ranar da ka sayar sai ka haɗa kuɗin da dukiyarka ka ƙirga musu sabuwar shekara. Wanda ka saya da niyyar kasuwanci kana jiran ya yi tsada, a Malikiyya kai mai dakon kasuwa ne, za ka fitar da kashi biyu da rabi cikin ɗari na shekara ɗaya a lokacin da ka sayar, in shekara ta zagayo wa jarin kuma kuɗin sun kai nisabi, kimanin giram 85 na zinariya. Sauran mazhabobi sun ce ka yi masa ƙima kowace shekara ka fitar. In kuma ka haɗa niyya biyu, kallo yanzu da sayarwa in an samu riba, zancen da aka rinjayar a mazhaba shi ne a ɗauke shi kayan kasuwanci. Ka zauna da takardun nan ka tuna niyyar da ka sayi kowanne, ka rubuta a littafi tare da farashinsa da ranar saye.

Allah ne mafi sani.