Tambaya da Amsa: Ana iya gyara sit ɗin mashin ya riƙa ciruwa da hannu ba sai da sifana ba?

TAMBAYA

Salamu alaikum Malam, ina wuni, ya aiki ya zafi. Ni ɗan kabu-kabu ne nan cikin Sakkwato, Mabera nike zaune, Boxer gare ni. Sit biyu nika aiki da su, guda mai kyau na ɗaukar fasinja, guda kuma tsoho wanda nika azawa in zan ɗauko buhunan albasa ko jarkoki don kar su yage min ledar sabon. To kullum sai na nemo sifana, yanzu har kan notin guda ya cinye sifanar zamewa takai, gudan kuma ko an ɗaure bai kamawa sosai. Wani abokina ya ce in cire notukan gaba ɗai in ɗaure sit ɗin da robar tiyub, wai shi haka yay yi. Don Allah akwai dabarar da za a yi sit ya riƙa fita da hannu ba tare da hatsari ba? Allah shi ƙara basira.

AMSA

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, lafiya lau, Allah ya ba da sa'ar nema. E ana yi, kuma ba aikin kuɗɗi da yawa ba ne, amma shawarar abokin nan naka ka aje ta gefe tun yanzu. Robar tiyub a ranar garin nan da kan wuce digiri 40 a watan Afrilu ba ta daɗewa take tsattsagewa, kuma ba ta sallama in za ta tsinke, sai dai kana tsakiyar titi da matar mutane a baya ka ji sit ya goce. Wanda ya taɓa hawan doki majayin sirdi ya kwance mishi ya san abin da nake faɗi, dabbar na tafiya daidai amma kai kana sulalewa gefe ba abin da za ka riƙe.

Bari in fara da yadda sit yake zaune, don in ka gane wanga sauran duk mai sauƙi ne. A yawancin mashinan da muke hawa, su Boxer da Jincheng da Daylong da makamantansu, gaban sit yana da wani harshe da ke shiga ƙarƙashin wani ƙarfe a gindin tanki, baya kuma kunnuwa biyu ne na ƙarfe, hagu da dama, da ake ɗaurewa jikin shasi da bol. Nauyinka da na fasinja ba bol ɗin ke ɗauka ba, robobin nan da ke ƙarƙashin sit su ke zama kan shasi su ɗauki nauyin. Aikin bol biyun shi ne su hana bayan sit ɗagawa in ka faɗa rami, su kuma hana shi ja da baya, don da zarar ya ja baya kaɗan harshen gaba ya fito, shi ke nan sit ya tashi daga aiki. Kenan ba wani ɗauri mai tsanani wurin yake buƙata ba, abin da yake buƙata shi ne abin da ba zai kwance da kansa ba. Injinmu silinda guda ne, jijjiga gare shi, ga gargadar hanyoyin ƙauye, duk abin da aka murɗa da yatsu kawai aka bar shi haka to wata rana zai warware.

Kafin ka taɓa komai, durƙusa ka duba da kyau mi bol ɗin nan yake riƙe da shi ban da sit. A wasu mashinan kunnen sit shi kaɗai ne a wurin, a wasu kuma bol guda ne ya haɗa kunnen sit da ƙafar kariya, akwai ma waɗanda kunnen ke zaune kan notin saman shokazoba. In naka ya haɗa da shokazoba kar ka kuskura ka mai da shi na hannu, wanga wuri sifana yake so kuma ɗauri na gaske. In da kariya ya haɗa, kai da ke aza mata buhunan albasa, nan ma a'a. Abin da za a yi sai a bar wancan bol ɗin a ɗaure yadda yake, a sama wa kunnen sit wurin kansa, mai walda ya liƙa ɗan ƙarfe mai noti a jikin shasi kusa da wurin. In kuwa sit kaɗai bol ɗin ke riƙewa, ka huta.

Sai maganar girman bol. Wanda sifana lamba 10 ke kamawa galibi mai kaurin milimita 6 ne, shi ake rubutawa M6, wanda kuma lamba 12 ko 13 ke kamawa shi ne M8. Ka cire guda ka tafi da shi hannunka wurin masu sayar da noti, kar ka tafi da ƙiyasin ido. Kuma tsawon sabon kar ya wuce na tsohon sai da ɗan kaurin washa, don bol mai tsawo yana iya leƙawa ciki ya goge waya ko ya taɓa madigadi in kaya sun danne mashin.

Dabarar da ni na fi yarda da ita, kuma ita nake yi wa masu irin buƙatarka, ita ce bol mai kunne na gida. Ka sayi sabbin bol biyu masu kyau, ka duba kansu ka ga an buga 8.8, wato lambar da ke nuna ƙarfin bol, ka sayi manyan washa biyu masu kauri waɗanda faɗinsu ya kai babban yatsa da manuni su kama su da daɗi. Ka kai wa mai walda, ko a Maƙerar Assada ko na unguwarku, ya tsai da washar a tsaye kan bol ɗin ya liƙe ta gefe da gefe, ta zama kamar kan makulli. A ƙasa zai yi wanga aiki, ba a jikin mashin ba. In ya huce a bi bakin da zarto ko giranda a goge duk wani kaifi, a shafa fenti don tsatsa. Dalilin da ya sa na zaɓi washa ban ce a liƙa guntun rodi ko falan ƙarfe ba guda biyu ne, na farko ita zagayayya ce ba ta kama zani ko hijabi ko bakin babbar riga, kai ka san yadda mata ke zama a bayan mashin da yadda tufafi ke zubowa daidai wanga wuri, na biyu kuma ta zo da hujinta a tsakiya, kuma wanga hujin shi ne rabin dabarar.

Ga abin da za ka yi da hujin. Ka samo 'yar gajeriyar sarƙa, ka maƙala bakinta guda a jikin kariya ko shasi ta zauna can dindindin, ɗaya bakin kuma ka sa mata 'yar ƙugiyar nan mai sifirin irin ta maƙala makullai. In ka murɗa bol ya kama, sai ka maƙala ƙugiyar cikin hujin washa. Sarƙar ta zama gajera yadda bol ba zai iya yin cikakken zagaye ba. Lissafin a fili yake, M8 in ya yi zagaye guda milimita 1.25 yake fitowa, M6 kuma milimita 1, to bol ɗin da aka hana shi ko zagaye guda ta ina zai fita? Ko jijjiga ta sassauta shi iyakarta ka ji ɗan ƙara ka tsaya ka ƙara murɗawa, amma sit na nan. In za ka canza sit, ka ɓalle ƙugiya, ka warware da yatsu, ka ɗaga baya ka ja, an gama.

Tsakanin kan bol da kunnen sit ka sa washar ƙarfe, ƙarƙashinta kuma ka yanko 'yar roba daga tsohon tiyub ka huda ta ka sa. Nan ne robar tiyub take da amfani, tana ba ɗaurin ɗan taushi yadda ƙarfin yatsa zai isa ya matse shi, tana kuma shanye jijjiga. In ta bushe ka yanko wata, ba saye za ka yi ba.

Yanzu gefen nan da ka ce ko an ɗaure bai kamawa. Wanga haƙoran notin da ke liƙe jikin shasi ne suka fara cinyewa, kuma yawan cirewa da mayarwa da sifana cikin gaggawa ke kawo shi, mutum ya sa bol a karkace ya hau shi da ƙarfi. In ka sa sabon bol mai kunne cikin mataccen noti ba ka yi komai ba. Gwada sabon bol tukuna, wani lokacin haƙoran tsohon bol ɗin ne suka mutu notin na da sauran rai. In sabon ma yana juyawa bai tsayawa, to in M6 ne kuma akwai nama a wurin ana iya faɗaɗa hujin a yanka mishi sabbin haƙora na M8, in babu sai a cire notin a liƙa sabo. To nan fa walda ta zo jikin mashin, don Allah ka tsaya a kansu, a sauke tanki a kai shi nesa, a cire kan batir, a zare soket ɗin CDI, wato ɗan akwatin da ke sarrafa wutar fulogi, a maƙala wayar as ɗin walda kusa da inda ake aiki. Na sha ganin mashin ya shigo da ƙafarsa don ɗan aikin walda ya fita ana turawa saboda wutar ta bi waya ta ƙone kayan wuta, maganar fetur da tartsatsi kuwa ba sai na faɗa maka ba. Wani alherin bol na hannu shi ne yatsa yana jin in haƙori bai hau daidai ba, sai ka koma baya ka sake, sifana kuwa ba ta jin komai sai ta gama ɓarna. Ka ɗan shafa giris kaɗan a haƙoran, kaɗan fa, don in ya yi yawa ƙurar hunturu na manne mishi ya koma yana cin ƙarfen.

Akwai wasu hanyoyin, zan taɓa su a gurguje. Akwai fil mai santsi da ake zurawa ya ratsa kunnen sit da shasi a kulle bakinsa da kilif mai siffar R, irin wanda ake gani jikin kayan tarakta. Wanga jijjiga ba ta kwance shi ko kaɗan tunda ba murɗa shi ake ba, kuma in notinka M8 ne fil mai milimita 6 yana wucewa ta cikinsa ba sai an huda komai ba, don ramin M8 ya kusa milimita 7. Matsalarsa biyu, sai hannunka na iya kaiwa ta ciki ya sa kilif ɗin, wanda a mashina da yawa madigadi ya tare wurin, sannan tunda bai matsewa sit yakan riƙa ƙaraf-ƙaraf yana cin hujin kunnen har ya faɗaɗa. Akwai hannun nan na matse sirdin keke da ake samu jikin kekunan gwanjo, wanda ake lanƙwasawa ya kulle, da yawansu M6 ne kuma suna aiki, sai dai ƙafar fasinja ko igiyar kaya na iya ɓalle shi. Akwai kuma maɓallin da ake kira Dzus, kwata ɗin zagaye kawai ake murɗa shi ya buɗe, a Amurka aka ƙirƙiro shi wajen shekarun 1930 don murfin injin jirgin sama, masu tseren babur na sa shi a jikin kwabobi, wato murafun jikin mashin, amma don riƙe falle mara nauyi aka yi shi, ban ba ka shawarar ka dogara da shi kan sit ɗin da ke ɗaukar mutum biyu da kaya ba. Bol mai kan roba na kanti shi ma ka bar shi, rana na gasa robar ta fashe a hannunka. Mafi tsafta duka shi ne irin na roba-roba, sit mai fata irin ta ƙofa a gaba da makulli a baya, ana iya ɗauko makullin daga tsohon mashin a dasa, amma aiki ne mai yawa kuma kai da ke musanya sit biyu sai an yi wa kowanne nasa maƙali.

Tunda sit biyu gare ka, ka aza su kusa da juna ka kifa su ka gwada. Hujin kunnuwansu ya zo daidai, harshen gaba na tsohon bai lanƙwashe ko ya tsage ba, robobin ƙasa duk suna nan. Tsofaffin sit galibi robobin sun zube, sai farantin ya zauna ƙarfe kan ƙarfe, ko ya rataya kan bol ɗin, nauyin buhu gaba ɗai ya koma kansu, wanga shi ke karya kunne. Robobin ana samunsu wurin masu kayan mashin, in ba a samu ba a yanko daga tsohuwar taya daidai kaurin na ainihi. Kuma in ka ɗaure kaya, igiyar ta kama kariya da shasi, kar ta kama sit tana jan shi baya.

Abu na ƙarshe da sai ka sa a ranka, abin da hannunka ke cirewa cikin sauƙi hannun wani ma na cire shi. In za ka aje mashin a bakin Babbar Kasuwa ko Kara ka shiga ciki ka daɗe, ko masallacin Juma'a inda mashina ke cika, cire ƙugiyar gefe guda ka zura ƙaramin kwaɗo ta hujin washar ya haɗa da sarƙar, ka haɗa makullinsa da na mashin. Gefe guda ya isa, sit ba ya fita da kunne guda a kulle. Takardun mashin kuma kar ka mai da ƙarƙashin sit ma'ajiyarsu, ruwan damina na shiga wurin, aljihunka ya fi.

Ranar da aka gama aikin, kafin ka ɗauki kowa, kafe mashin kan sitan biyu ka kama bayan sit da hannu biyu ka fizga sama da ƙarfi, ka girgiza shi hagu da dama, ka ja shi baya. In ya motsa har ka ga harshen gaba na leƙowa to akwai gyara, ka koma wurin mai aikin. In bai motsa ba ka hau kai kaɗai ka bi hanya mai gargada, ka tsaya ka taɓa kunnuwan biyu ka ji ko sun saki, kuma ka mai da wanga taɓawar al'ada duk safiya lokacin da kake duba mai da iskar taya. Tsofaffin bol ɗin da ka cire, mai lafiyar cikinsu ka jefa shi cikin akwatin kayan aiki tare da sifanar, ko da wata rana kunnen washa ya ɓalle maka a hanyar Achida ko Illela.