Ku Tambayi Anti: Sallah ta wuce, leda ta cika mana kwata

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a nan Kano, yarana huɗu. Duk sallah sai mun kashe kuɗi kamar ba gobe, tumatirin gwangwani, lemon roba katan-katan, ga robar rabon abinci, bayan kwana biyu ki leƙa ƙofar gida leda ta toshe kwata, ana yin ruwa ya dawo mana tsakar gida. Na yi wa maigida magana ya ce na cika tsirfa. Ya zan rage ɓarnar nan ba tare da dangin miji sun ce na yi rowa ba?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ba tsirfa ba ce wallahi. Wata babbar sallah a gidan yayana ina tsaye mahauci ya farke tumbin rago, sai ga dunƙulen baƙar leda ya kai girman kan jariri, ta cuɗe da igiya ta yi tauri kamar dutse, shi ko a jikinsa, ya ce ai kullum suna gani. Ragon da aka biya kuɗi masu yawa kenan, ashe leda yake kiwo a bola kafin a kai shi kara.

Fara da rabon abinci, nan ne sharar ta fi yawa. Mu da muna yara a langa ko samira ake zuba tuwon sallah, a rufe da faifai a ɗora mana a ka, can gidan a juye a wanke kwanon a jefa mana goron sallah a ciki mu dawo muna tsalle, ba wanda ya taɓa cewa rowa ce, hasali ma kwanonki shi ke nuna ke wacece. Farar robar nan mai kama da soso kuwa, jihar Legas ta haramta ta tun Janairun 2024 saboda yadda take toshe magudanan ruwa, Ruwanda ma tun 2008 ta hana leda. Fito da kulolin da ke jere a kabet tun na aure, ki aiki yara da su. Abin sha kuma ki dama zoɓo da citta da kanumfari, ko kunun aya, ko na tsamiya, ki cika jog, baƙo ya sha a kofi. Ni dai ban taɓa ganin wanda aka miƙa wa kunun aya mai sanyi ya ce a'a lemon roba yake so ba, sai dai yara, su kuma a lallaba su.

Maganar tumatir, laifin lokaci ne. Shekarun nan layya tana faɗowa ne a bakin damina, daidai lokacin da tumatirin rani na Kadawa da Kura ya ƙare, shi ya sa kike ganin ɗan kashi huɗu ana kiran kuɗi kamar zinare. Amma ki shiga Yankaba tsakanin Janairu da Maris ki ga yadda kwanduna ke jibge, wani har ruɓewa yake dan ba mai saye. Lokacin ne za ki haɗa kuɗi da maƙwabciyarki ku ɗauki kwando ɗaya, ku yayyanka ku shanya a kan tsaftatacciyar tabarma a saman ɗaki, ba a gefen titi ba inda ƙura da hayaƙin mota za su bi ta kai, iskar hunturu cikin 'yan kwanaki ta busar miki da kauɗa. Attaruhu da tattasai ma haka. Ranar sallah ki jiƙa da ruwan ɗumi ki niƙa da albasa mai yawa, miyar ta ɗan fi duhu kam, ba zan ɓoye miki ba, amma daɗi babu laifi. Kuma tunda sallah na matsowa da kwana 10 ko 11 duk shekara, nan gaba za ta koma cikin arahar tumatir da kanta.

Sannan wa ya ce dole sai jar miya? Damina na sauka ga alayyahu, ga yakuwa, rama, zogale, ɗanyar kuɓewa, duk a hannun masu tallar unguwa. Waina da miyar taushe a sa daddawa da ƙashin rago, ki ga ko dangin mijin za su tuna da wata shinkafa. Ki riƙa tafiya kasuwa da kwandonki ko jakar buhu, in mai kayan miya ya ɗauko leda ki ce bar ta, zuba nan.

Tambaya: Anti barka da aiki. Ni saurayi ne daga Zariya, mu ke babbakar kai da ƙafa a gidanmu, kuma da tsohuwar taya muke yi dan ta fi saurin ci. Akwai matsala?

Amsa: Akwai, ƙanina, babba ma. Baƙin hayaƙin nan na taya guba ne, ku shaƙa, maƙwabta su shaƙa, sauran kuma ya manne a fatar da za a yi farfesu da ita a ba yara. Nemi karan dawa ko busasshen itace, ya fi cin lokaci amma ƙamshin ma daban ne. Jini da kashin tumbi kada ku tura kwata, ku haƙa rami a binne, ko ku ba mai lambu ya yi taki. Fatar ragon da aka feɗe kuma ku barbaɗe ta da gishiri ta ciki a ranar, kafin la'asar, ku miƙa wa masu tarawa na masallaci, in ta kwana a ƙudundune cikin zafin nan ko majema ba za su karɓa ba.